Kwana 90: Yadda Wa'adin Kalmar Sirri Ya Shigo Ofisoshinmu

Duk wanda ya taɓa aiki a banki, ko kamfanin waya, ko wata babbar ma'aikata mai kwamfutoci a haɗe, ya san saƙon nan: saura kwana kaza wa'adin kalmar sirrinka ya cika, ka canza ta. Mu da ke kula da waɗannan kwamfutoci, waɗanda ake kira 'yan Ai-Ti a ofis, mu muke kafa dokar, mu muke rubuta saƙon, mu kuma ake bugo wa waya idan asusu ya kulle. An daɗe ana riƙe da wannan doka tamkar farilla. Yau manyan hukumomin da suka tsaya mata a da sun janye, amma tana nan da ranta a dubban ofisoshi. Ina son abokan sana'a su san inda ta samo asali, domin ba shirme ba ce tun farko. Lissafi ne mai hankali ya haife ta. Abin da ya faru shi ne an manta da lissafin, aka riƙe amsarsa.

A jami'ar MIT da ke Amurka aka fara sa wa kwamfuta kalmar sirri, a farkon shekarun 1960. Fernando Corbató da abokan aikinsa sun gina wani tsari mai suna CTSS, wanda ya bai wa mutane da yawa damar aiki da babbar kwamfuta guda a lokaci ɗaya, kowa da fayilolinsa. Dole a sami hanyar da za ta hana wani buɗe na wani. Ba a je ko'ina ba aka yi satar farko. Wani ɗalibin digirin digirgir, Allan Scherr, an ware masa awa huɗu a mako a kan na'urar, ya ga ba za su ishe shi ba. Sai ya nemi ta buga masa fayil ɗin da ke ɗauke da kalmomin sirrin kowa, ta kuwa buga, domin a fili suke a rubuce. Shi da bakinsa ya ba da labarin bayan shekaru.

Robert Morris da Ken Thompson na Bell Labs ne suka toshe wannan kafa a tsarin Unix. Maimakon a ajiye kalmar kanta, sai a bi da ita ta wani lissafi mai dagula ta, wanda ba a iya warware shi a koma baya, a ajiye sakamakon. In ka zo shiga, na'ura ta dagula abin da ka rubuta ta kwatanta da na ajiye. Suka kuma ƙara abin da suka kira gishiri, wato wasu 'yan lambobi da ake cakuɗawa da kowace kalma domin kada mutum biyu masu kalma iri ɗaya su sami sakamako iri ɗaya. Sai dai fayil ɗin da ke riƙe da dagulallun kalmomin, kowa na iya karanta shi. Wanda ya kwafe shi zai koma gefe ya yi ta gwada kalmomi ɗaya bayan ɗaya har ya dace. A maƙalar da suka fitar a 1979, sun ba da labarin kalmomin sirri 3,289 da suka tattara, suka tarar kashi 86 cikin 100 masu sauƙin cankowa ne: gajeru, ko sunaye, ko kalmomin ƙamus.

Daga nan tunanin wa'adi ya taso. In ɓarawo yana buƙatar watanni kafin ya fasa kalma, to a canza ta kafin ya gama, wahalarsa ta tashi a banza. A watan Afrilun 1985 ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da jagorar kula da kalmomin sirri, wadda 'yan sana'a suka sani da Koren Littafi saboda launin bangonta. A ciki an shimfiɗa lissafin ƙarara. Ka ɗauki tsawon ran kalmar, ka ninka shi da yawan gwajin da maƙiyi zai iya yi a rana, ka raba da adadin dukkan kalmomin da za a iya ƙirƙira. Abin da ya fito shi ne yiwuwar a canko ta kafin a canza ta. In ya yi yawa, zaɓi uku gare ka: ka tsawaita kalmar, ka rage saurin gwajin, ko ka gajarta wa'adin. Wa'adi ɗaya ne daga cikin abubuwa uku da ake juyawa, kuma iyakar da littafin ya ba da shawara ita ce kada ya wuce shekara guda. A lura da wani abu ma: lissafin ya fi dacewa da kalmar da na'ura ta zaɓa da ka, ba wadda mutum ya zaɓa daga sunan ɗansa ba.

A Nuwamban 1988, tsutsar kwamfuta da Robert Tappan Morris ya saki, ɗan wancan Morris ɗin na Bell Labs, ta ratsa intanet na wancan zamani. Ɗaya daga cikin dabarunta ita ce gwada jerin kalmomi 432 da ta taho da su, da kuma sunayen masu asusun. A waɗannan shekarun ne masu Unix suka ɗauke dagulallun kalmomi daga idon jama'a suka kai wani ɓoyayyen fayil da mai kula da tsarin kaɗai ke iya buɗewa. A cikinsa kowane asusu yana da gurbin ranar da aka canza kalma ta ƙarshe, da mafi ƙarancin kwanakin da za ta yi, da mafi yawansu, da kwanakin gargaɗi. Har yau a yawancin nau'o'in Linux za ka tarar an sa mafi yawan kwanaki 99999, gargaɗi kuma kwana 7. Wato kayan aikin suna nan, amma an bar su a kashe sai wanda ya ga dama.

Microsoft ba ta bar nata a kashe ba. Lokacin da Active Directory ya zo tare da Windows 2000, ya zama rajistar da ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci da kowace kwamfuta a kamfani, kuma da wa'adinsa na kwana 42 ya zo, mako shida cif. Daga Windows Server 2003 sabon tsari yakan taso da cikakken jeri: haruffa aƙalla 7, a cakuɗa manya da ƙanana da lambobi ko alamomi, na'ura ta tuna kalmomi 24 na baya, sabuwar kalma kuma ta kwana ɗaya kafin a sake canza ta. Wannan na ƙarshen yana da tarihi a bayansa. Da aka tilasta wa mutane canji, sai suka riƙa canzawa su dawo kan tsohuwar nan take. Aka ce na'ura ta tuna na baya. Sai masu naci suka riƙa zama su canza sau ashirin da wani abu a jere har tsohuwar ta fita daga lissafi, su maido da abarsu. Aka ce to kowace sai ta kwana. Kowane saiti a wannan jeri martani ne ga wata dabara da ma'aikata suka ƙirƙiro don guje wa saitin da ya gabace shi. Tun a lokacin ya kamata sana'armu ta tsaya ta tambayi kanta abin da mutanen nan ke ƙoƙarin gaya mata.

Kwana 90 kuwa ta hannun masu binciken kuɗi, wato oditoci, ya bazu. Bayan rugujewar kamfanonin Enron da WorldCom, majalisar Amurka ta kafa dokar Sarbanes-Oxley a 2002, ta wajabta wa kamfanoni su nuna suna da tsaro a kan bayanan kuɗinsu. Dokar ba ta ambaci kalmar sirri ba ko sau ɗaya. Amma odita yana buƙatar abin da zai duba ya maka wa alama, kuma babu abin da ya fi wa'adi sauƙin dubawa: a buɗe saiti, a ɗauki hoton allo, a liƙa a rahoto. A Disambar 2004 kamfanonin katin kuɗi, Visa da Mastercard da American Express da Discover da JCB, suka haɗa ƙa'idojinsu wuri guda a ƙarƙashin sunan PCI DSS, a ciki kuwa an rubuta ɓaro-ɓaro cewa a canza kalmar sirri aƙalla duk kwana 90. Ta wannan ƙofa dokar ta iso mana. Bankin da ke Kano ko Yamai, muddin yana hulɗa da waɗannan katuna, ƙa'idar ta hau kansa. Daga bankuna kuma sauran ma'aikatu suka kwafa, har waɗanda ba su taɓa ganin katin kowa ba.

A daidai lokacin da lambar ke zama doka, lissafin da ke ƙarƙashinta yana rushewa. Tsohuwar hanyar da Windows ke dagula kalma tana mayar da haruffa duka manya, ta raba kalmar gida biyu, haruffa bakwai-bakwai, a fasa kowane ɓangare daban. Tun 1997 manhajar L0phtCrack ke cin wannan rauni. A 2003 Philippe Oechslin na Suwizalan ya nuna yadda za a yi lissafin tun kafin sata a ajiye a tebur, fasawa ta koma ta 'yan daƙiƙoƙi. A ƙarshen 2012 Jeremi Gosney ya nuna wata na'ura da ya haɗa da katunan hoto 25, tana gwaji kusan biliyan 350 a daƙiƙa guda a kan sabuwar hanyar Windows, abin da ke nufin duk wata kalma mai haruffa 8 za ta faɗi cikin ƙasa da awa shida. Ka sa wannan a lissafin Koren Littafi ka ga wa'adin da zai ba ka. Ba kwana 90 ba, ko wuni ɗaya ya yi yawa. Ga kuma hanyar da ba ta buƙatar fasa komai: a turo wa mutum imel na yaudara ya rubuta kalmar da hannunsa. Mai shagon da ke sauya kwaɗo duk wata uku bai tsira daga ɓarawon da ya tsinci makullin yau ba, domin a daren zai zo.

Amma a ɗakunanmu na aiki ba wannan muke tattaunawa ba. Abin da ya cinye mana lokaci shi ne tunatarwa.

Windows XP yakan fara gargaɗi saura kwana 14, da akwati a tsakiyar allo lokacin shiga, wanda sai ka amsa shi kafin ka wuce. Daga Windows 7 aka mayar da shi kwana 5, ya koma ɗan ƙaramin saƙo a kusurwar ƙasa da ke ɓacewa kafin mutum ya gama ajiye jakarsa. Mafi muni, gargaɗin yana zuwa ne kawai ga mai shiga ta kwamfutar da ke cikin rajistar kamfani. Mai Mac bai gani. Wakilin da ke yawo a ƙauyuka yana duba imel ta waya bai gani. Wanda ke rufe murfin laftof ya tafi gida ya dawo ya buɗe ba tare da ya fita daga asusunsa ba, shi ma yakan wuce shi. Saboda haka kusan kowane mai kula da tsari na wancan zamani ya rubuta ɗan shirinsa na aika tunatarwa ta imel, da VBScript da fari, daga baya da PowerShell.

Wanda ya rubuta irin wannan shiri ba ya manta siffarsa. Active Directory yana ajiye lokacin canjin ƙarshe a wani gurbi mai suna pwdLastSet, ba da kwanan wata ba, da wata doguwar lamba da ke ƙirga kashi ɗaya cikin miliyan goma na daƙiƙa tun daga 1 ga Janairun 1601. Sai ka mayar da ita kwanan wata, ka ɗora wa'adin kamfani a kai, ka cire yau, ka ga saura nawa. In lambar sifili ce, an ce mutum ya canza da zarar ya shiga, kada ka turo masa saƙon da ke cewa wa'adinsa ya cika shekaru ɗari huɗu da suka wuce. Sai ka tsallake asusun da aka dakatar, da wanda aka yi wa alamar ba ya ƙarewa, da wanda ba shi da adireshin imel. Kafin 2008 doka ɗaya ce tak ga duk rajistar, daga manajan darakta har mai karɓar baƙi. Windows Server 2008 ya ba da damar kowane rukuni ya sami tasa dokar, abu mai kyau, amma ya karya duk tsofaffin shirye-shiryen da ke ɗauka wa'adi ɗaya ne. Aka yi sa'a ya zo da sabon gurbi da ke lissafa ranar ƙarewa da kansa, ga wanda ya san da zamansa.

Sai a tsara saƙon ya fita saura kwana 14, da 7, da 3, da 1. Mutane su karanta na farko su ce da sauran lokaci, na biyu su ce gobe, na ƙarshe ya same su a hanyar gida. Ranar da aka dawo hutun Sallah, ko safiyar Litinin ta farkon shekara, teburin agaji ba ya shan ruwa.

“Injiniya, kwamfutar nan ta ƙi ni.”

“Hajiya, wa'adin kalmarki ne ya cika.”

“Ba kwanan nan na canza ba? To ka sa min wata, ina da kwastoma a gabana.”

A wannan ɗan zance akwai ɓarna biyu. Ta farko, yanzu injiniya ya san kalmar, ko ya faɗe ta da ƙarfi a waya. Ta biyu ta fi girma: teburin da ya saba sabunta kalmomi da yawa a safiya guda yakan daina tantance mai kira. Masu kutse sun san haka sarai, kuma kiran teburin agaji da sunan wani ma'aikaci yana cikin tsofaffin dabarunsu da har yau ke ci.

Akwai kuma kullewar da ke biyo bayan canji. Mutum ya canza kalma a kwamfuta lafiya lau, amma wayarsa tana riƙe da tsohuwar, tana ta ƙwanƙwasa akwatin imel da ita duk bayan 'yan mintoci har asusun ya kulle. Ka buɗe, ya sake kullewa. Sai ka shiga kundin abubuwan da suka faru kana neman lamba 4740, wadda ke nuna kullewa da na'urar da ta jawo ta, ka tarar wata tsohuwar kwamfutar hannu ce da aka bar wa yara a gida. A 2020, da annobar korona ta tura ma'aikata gida, matsalar ta ninka. Laftof yana riƙe da tsohuwar kalma a cikinsa, rajista tana da sabuwa, ba za su daidaita ba sai an haɗa ta VPN, shi kuma VPN ba zai karɓi kalmar da wa'adinta ya cika ba. Kamfanoni da yawa a watannin nan sun tsawaita wa'adin ko sun ɗage shi, ba don sun karanta wani bincike ba, don dai aiki ya tafi.

Abin da ya fi ci min rai a duk wannan tarihi shi ne abin da saƙonnin tunatarwa suka koya wa mutane. Shekara da shekaru ana turo musu imel mai cewa wa'adinka ya kusa, latsa nan ka canza. An horar da su su yi biyayya ga wannan jimla ba tare da tunani ba. Yau tana cikin jimlolin da masu tarkon imel suka fi amfani da su, da tambarin kamfani da komai, kuma ma'aikacin da ya latsa bai yi wani abu ba face abin da aka saba masa.

Su kuma kalmomin, kowa ya san yadda suka koma. Kano@2023 ta zama Kano@2024. Sunan ɗa da lamba 1 ya zama sunan ɗa da lamba 2. Wasu sunan wata suke sawa, wasu kuma 'yar takarda a ƙarƙashin kibod. Tun 1999 Anne Adams da Angela Sasse na Landan suka rubuta maƙala suna cewa ma'aikata ba abokan gaba ba ne, dokokin da suka fi ƙarfin ƙwaƙwalwar mutum su ke tura shi ga waɗannan dabaru. A 2006 Gene Spafford na jami'ar Purdue ya ce canjin wata-wata gado ne daga zamanin manyan kwamfutoci da ba a sake auna shi ba. Hujjar da ta fi kowacce nauyi ta zo a 2010 daga jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill. Yinqian Zhang da Fabian Monrose da Michael Reiter sun sami tsofaffin kalmomin asusu sama da 7,700 na mutanen da suka bar jami'ar, inda ake tilasta canji duk wata uku. Tambayarsu ɗaya: in maƙiyi ya san tsohuwar kalma, yaya sauƙin gano sabuwar? A kashi 41 cikin 100 na asusun, na'ura ta gano ta cikin daƙiƙa uku in dagulalliyar kalmar tana hannu. A kashi 17 cikin 100, gwaji bai kai biyar ba, wato ko ta ƙofar gaba aka bi asusun ba zai kulle ba. A 2015 Sonia Chiasson da Paul van Oorschot na jami'ar Carleton a Kanada suka bi ta hanyar lissafi zalla, suka nuna amfanin wa'adi ɗan kaɗan ne ko da mutane suna zaɓen kalmomi masu kyau.

Daga nan hukumomi suka fara juyawa. Sashen tsaron bayanai na hukumar GCHQ ta Birtaniya ya fitar da jagora a 2015 yana ba da shawarar a daina tilasta canji. A Maris 2016 Lorrie Cranor, farfesa a Carnegie Mellon wadda a lokacin take babbar jami'ar fasaha a hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, ta yi kira a sake tunani. A Yunin 2017 hukumar NIST ta fitar da kundin SP 800-63B: kada a tilasta canji don kawai lokaci ya yi, amma dole a tilasta shi in akwai alamar an sace kalmar, a bar mutane su yi dogayen kalmomi, a riƙa kwatanta sabuwar kalma da jerin waɗanda aka san sun fallasa. Bayan wata biyu Bill Burr, wanda ya rubuta shawarwarin hukumar na farkon shekarun 2000, ya gaya wa jaridar Wall Street Journal cewa yana nadamar yawancin abin da ya rubuta. An yi ta ɗora masa laifin duniya, abin da nake ganin bai dace ba. A lokacinsa babu tarin kalmomin mutane na gaskiya da zai nazarta. Sai a Disambar 2009, da aka yi wa kamfanin RockYou kutse aka watsa kalmomi miliyan 32 a fili, masana suka ga ainihin yadda jama'a ke zaɓe, da 123456 a kan gaba. A Mayun 2019 Microsoft ta cire wa'adi daga shawarwarinta na tsaron Windows, inda Aaron Margosis ya bayyana shi a matsayin tsohon magani mai ƙarancin amfani. Hujjarsa gajera ce: in ba a sace kalma ba, babu dalilin canza ta, in an sace, ba za ka zauna jiran kalanda ba.

Ba na cikin masu jin wannan su ruga su kashe saitin washegari. Masu kare wa'adi suna da magana guda mai ƙarfi: ta yaya za ka san an sace? Ma'aikatar da ba ta da shaida ta biyu wajen shiga, ba ta duba kundin shige da fice, ba ta tace kalmomin da suka fallasa, in ta cire wa'adi ba ta bi NIST ba, ta ɗauki rabin da ya yi mata daɗi ne kawai. Sabuwar shawarar ta fi tsohuwar wuya. Tana buƙatar a sa wa kowa shaida ta biyu ta waya ko ɗan makullin lantarki. Tana buƙatar matata a kan rajista da za ta ƙi sunan kamfani da sunan gari da shekara. Troy Hunt na Ostareliya ya sauƙaƙa wannan a 2017 da ya buɗe jerin ɗaruruwan miliyoyin kalmomin da suka fallasa a shafinsa na Have I Been Pwned, kuma daga 2018 ana iya tambayar jerin ba tare da an tura kalmar ba, sai haruffa biyar na farkon dagulalliyar siffarta. Tana kuma buƙatar mutum mai rai da zai ga an shiga asusun akanta daga wata nahiya da ƙarfe ukun dare ya tashi tsaye.

Wurin da agogo ke da amfani na gaske kuwa, nan ne aka fi yi masa rangwame. Je ka duba asusun da aka yi wa alamar ba ya ƙarewa a kowace rajista. Za ka tarar da manyan ofis, waɗanda suka kira shugaban sashe suka ce a cire musu wannan fitina, aka ce an gama, ranka ya daɗe, alhali akwatin imel ɗinsu ya fi na kowa daraja a wurin ɓarawo. Za ka kuma tarar da asusun manhajoji, na rumbun bayanai da na ajiyar kwafi da na injin buga takardu, masu iko mai yawa, da kalmar da wani ɗan kwangila ya sa shekaru goma da suka wuce, ba wanda ke taɓawa don tsoron kada wani abu ya tsaya. A 2014 Tim Medin ya nuna yadda kowane ƙaramin ma'aikaci a rajista zai iya neman tikitin irin wannan asusu ya tafi da shi ya fasa a nitse. Wannan shi ne ainihin yanayin da Koren Littafi ya yi wa lissafi, kuma maganinsa yana hannu. Tun Windows Server 2012 akwai nau'in asusun manhaja da rajista ke sauya wa doguwar kalma da kanta duk kwana 30, ba ɗan Adam da ya san ta. Tun 2015 akwai LAPS, mai bai wa kowace kwamfuta kalmar mai kula ta daban yana kuma juya ta. Na'ura ba ta gajiya, ba ta ƙara 1 a ƙarshe. Ita ya kamata a ɗora wa canji a kai a kai.

Sai asusun da masu su suka tafi. A ƙarshen Afrilun 2021 aka shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani tsohon asusun VPN da ba a amfani da shi amma ba a rufe ba, ba shi da shaida ta biyu, kalmarsa kuma an same ta cikin waɗanda suka fallasa. Man fetur ya yanke a gabashin ƙasar na kwanaki, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Wani zai ce da wa'adi ya kashe wannan kalma. Mai yiwuwa. Amma abin da ya kamata ya kashe ta shi ne rufe asusun ranar da aka daina buƙatarsa. A ofisoshinmu wannan ya fi komai yawa: ɗan bautar ƙasa ya gama shekararsa ya tafi, asusunsa na nan, mutum uku a kanta ɗaya suna shiga da suna ɗaya, oga ya bai wa sakatare kalmarsa, an sauya wa sakataren wurin aiki, kalmar ba ta sauya ba. Takarda guda daga sashen ma'aikata zuwa namu a ranar da mutum ya bar aiki ta fi kowane saiti amfani a nan.

Ƙa'idojin ma sun matso. PCI DSS na huɗu, wanda ya fito a Maris 2022, ya ɗaga tsawon kalma zuwa haruffa 12, ya kuma taƙaita sharaɗin kwana 90 ga asusun da kalmar sirri ce kaɗai ke tsaronsa. Sabon bugun kundin NIST na 2025 ya mayar da shawarar hani kai tsaye, ya ce kalmar da ke tsaye ita kaɗai kada ta gaza haruffa 15. Saboda haka in odita ya zo da tsohon jerinsa, ba gardama ake yi da shi ba. A ajiye masa kundin, a nuna masa shaida ta biyu tana aiki, da matatar kalmomi, da rahoton asusun da aka rufe a watan jiya, a rubuta dalilin a takardar dokar kamfani shugabanni su sa hannu. Yawancinsu suna karɓa, domin su ma abin da za su kare kansu da shi suke nema.

Inda doka ko kwangila ta tilasta a ci gaba da wa'adi, ko inda shaida ta biyu ba ta kai ga kowa ba tukuna, ana iya rage cutarwar. Ni nakan ba da shawarar a saya wa mutane tsawon wa'adi da tsawon kalma: wanda ya yarda da jimla mai haruffa 15 ko fiye ya shekara bai canza ba. A yi sauyin rukuni-rukuni, kada dubban kalmomi su ƙare a safiya ɗaya, kuma a duba kalanda kada ranar ta faɗo cikin hutun Sallah ko ƙarshen wata lokacin biyan albashi. Saƙon tunatarwa ya fito daga adireshi ɗaya da kowa ya sani, sau biyu ko uku ya wadatar. Ya faɗi ranar ƙarewa, ya ce a danna Ctrl da Alt da Del a zaɓi canza kalma, ya tuna wa mutum ya sabunta ta a wayarsa nan take, ya ba da lambar teburin agaji. Kada a sa mahaɗin latsawa a cikinsa ko ɗaya, kuma a sanar da duk ma'aikata a rubuce cewa sashenmu ba ya taɓa sawa.